Saiwar Maciji da Tsohon Man Shanu: Maganin Hauka a Likitancin Ayurveda

Daga cikin nau'o'in taɓin hankali akwai wanda likitocin ƙwaƙwalwa suke kira maniya, wato halin ɗoki ko fushi da kuzarin da ya wuce kima, wanda idan ya kama mutum sai ya yi kwanaki bai runtsa ba kuma bai ji gajiya ba, magana tana ta zuba daga bakinsa ba a iya katse shi, yana ɗaukar kansa wani babban mutum da bai kai ba, yana rabon dukiyar da ba ta ishe shi ba, yana kuma ɗaukar alkawuran da ba shi da ikon cikawa. Likitoci ba sa tabbatar da shi sai halin ya kai aƙalla mako guda, ko kuwa ya yi tsananin da dole a kwantar da majiyyaci a asibiti. Galibi ɓangare ne na cutar da ake kira baifola, wadda mai ita yake kai da kawo tsakanin wannan zumuɗi da matsananciyar damuwa mai kashe jiki, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 40 ne suke fama da ita a shekarar 2019. Kowace al'umma tana da yadda take tunkarar irin wannan majiyyaci, sai dai Indiya tana cikin ƙasashe ƙalilan da suka rubuta nasu tsarin tun kusan shekara 2000 da suka wuce, kuma har yau ake koyar da shi a jami'o'i.

Sunan wannan tsari Ayurveda, kuma tushensa manyan littattafai uku ne da aka rubuta da harshen Sanskirit. Na farko shi ne Caraka Samhita, wanda masana suke sanya zamanin haɗa shi tsakanin ƙarni na farko kafin haihuwar Annabi Isa da ƙarni na biyu bayanta, sai Sushruta Samhita wanda ya fi shahara a fannin fiɗa, sannan Ashtanga Hridaya na Vagbhata wanda ya taƙaita waɗanda suka gabace shi a wajajen ƙarni na bakwai. Littattafan sun kasa likitanci gida takwas, ɗaya daga ciki shi ne bhutavidya, wanda ya shafi cututtukan hankali da waɗanda ake dangantawa da shafar ɓoyayyun halittu. Hauka kuwa sunansa unmada, kuma Caraka ya ware masa babi guda a sashen da ke bayanin musabbaban cututtuka da wani babin a sashen magani, ya kuma bambanta shi da apasmara, wato farfaɗiya.

Ba a iya fahimtar maganin sai an san yadda masu shi suke kallon jiki. A wurinsu abubuwa uku ne suke tafiyar da shi, waɗanda suke kira dosha: akwai vata da suke dangantawa da iska da motsi, da pitta da suke dangantawa da zafi da ruwan maɗaciya, da kuma kapha da suke dangantawa da majina da sanyi da nauyin jiki. Lafiya ita ce daidaituwarsu, cuta kuma rinjayar ɗaya a kan sauran. Idan dosha ta harzuƙa a jikin mai raunin zuciya, in ji su, sai ta haura zuwa zuciya, wadda suke ɗauka ita ce mazaunin hankali, ta toshe hanyoyin da tunani yake bi, daga nan sai fahimta da tunawa da ɗabi'a da ladabi su rikice. Musabbaban da Caraka ya lissafa sun haɗa da abinci mara tsabta ko wanda bai dace a haɗa ba, da wulaƙanta abubuwan bauta da malamai, da girgizar tsoro ko ta murna mai yawa.

Ilimin zamani bai gano wata dosha a jiki ba, amma siffofin majiyyatan da aka zana a ƙarƙashinta aikin mutanen da suka zauna da marasa lafiya ne suka lura da kyau. Mai haukan vata, a bayanin Caraka, yana dariya da murmushi da rawa da waƙa da kuka a inda ba muhallinsu ba, yana yawan surutu da yawo, jikinsa yana ramewa fatarsa tana bushewa. Mai haukan pitta ba ya jure komai, yana fushi da barazana da kai duka, yana tuɓewa yana gudu, yana neman inuwa da ruwan sanyi. Mai haukan kapha kuwa shiru yake yi, ya rage motsi, ya so kaɗaici da yawan barci, yawu yana zuba daga bakinsa. Duk likitan da ya taɓa aiki a ɗakin masu taɓin hankali zai gane maniya a cikin biyun farko, zai kuma ga alamun damuwa a na uku. Duk da haka kuskure ne a ce unmada da maniya abu ɗaya ne, domin unmada babbar rumfa ce da ta tattara abin da yau ake rarrabewa zuwa maniya, da sikizofireniya mai raba mutum da zahiri na tsawon lokaci, da ruɗewar da zazzaɓi ko guba suke kawowa. Caraka ya ƙara nau'i biyu ya cike biyar: wanda dosha ukun suka haɗu a cikinsa, wanda ya ce ba ya jin magani, da wanda yake zuwa daga waje ta hanyar shafar alloli ko kakanni ko wasu ɓoyayyun halittu, ko da yake ya dage a kan cewa waɗannan ba sa taɓa mutum sai ayyukansa sun buɗe musu ƙofa.

Magani ma gida uku ne a wannan tsari, akwai na addu'o'i da layu da hadaya, akwai na abinci da tsirrai wanda suke kira na hankali da dabara, akwai kuma na lallashi da horar da zuciya. A gida na biyu ba a fara bai wa majiyyaci tsirrai masu kwantar da hankali sai an wanke jikinsa tukuna, inda ake shayar da shi man shanu na wasu kwanaki ana ƙara yawansa, a shafe shi da mai a sa shi gumi, sannan a sa shi amai idan kapha ce ta rinjaya, ko gudawa idan pitta ce, a kuma yi masa ɗurin magani ta dubura da shaƙe ta hanci. Wannan jerin wanke-wanke shi ne ake kira pancakarma, wato ayyuka biyar. Bayansa sai a dawo ga man shanu a matsayin magani, kuma Caraka ya fifita tsoho wanda ya shekara goma a ajiye, ya kuma bayyana haɗe-haɗe irin su kalyanaka ghrita, wanda ake dafa mai da tsirrai kusan talatin a cikinsa, da wani mai tafarnuwa. Tsirran da sunansu ya fi fitowa a magungunan hankali su ne brahmi, ƙaramar ciyawa mai son fadama, da shankhapushpi, da vaca mai saiwa mai ƙamshi da yaji, da jatamansi da ke tsirowa a tsaunukan Himalaya, da ashwagandha, da kuma kushmanda wadda wata irin kabewa ce. A jihar Kerala da ke kudu maso yammacin ƙasar an shahara da kwarara mai ko tsala a goshin majiyyaci a hankali na tsawon lokaci yana kwance, da kuma lafta masa ƙullun magani a ka.

Akwai wani sashe na babin magani na Caraka da masu tallar Ayurveda a yau ba su cika ambata ba. Idan wanke-wanke bai yi aiki ba, littafin ya ba da shawarar a tsorata majiyyaci, a ɗaure shi a kulle a ɗaki mai duhu, a yi masa bulala, a nuna masa macijin da aka cire wa haƙora ko zakin da aka horar, ko kuma dogaran sarki su fitar da shi kamar za su kashe shi, bisa tunanin cewa tsoron mutuwa zai tattaro hankalin da ya watse. Wannan ba abin da Indiya ta keɓanta da shi ba ne, don gidajen mahaukata na Turai sun yi makamancinsa har cikin ƙarni na 19, kuma mari bai gushe ba a wurare da dama na duniya. A Indiya abin da ya tayar da hankalin hukuma shi ne gobarar garin Erwadi a jihar Tamil Nadu a watan Agustan 2001, inda mutum 28 da aka ɗaure da sarƙa a wani gidan jinya na addini, wanda ba na Ayurveda ba ne, suka rasa rayukansu, kuma dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta 2017 ta haramta ɗaure majiyyaci da sarƙa ta kowace fuska.

Tsiron da ya fi kowanne tasiri a wannan tarihi shi ne sarpagandha, ɗan guntun itace mai doguwar saiwa a murɗe kamar maciji, wanda masana tsirrai suke kira Rauvolfia serpentina don tunawa da Leonhard Rauwolf, wani likitan Jamus na ƙarni na 16. Masana tarihi suna da saɓani a kan ko tsofaffin littattafan sun san shi a matsayin maganin hauka, amma babu saɓani a kan cewa a kasuwannin Bihar da maƙwabtanta an daɗe ana sayar da saiwarsa da sunan maganin mahaukata, ana kuma amfani da ita ga saran maciji da rashin barci. A 1931 wasu mutum biyu a Kalkata, Gananath Sen wanda babban malamin Ayurveda ne da ya karanci likitancin zamani, da Kartick Chandra Bose, suka buga rahoton cewa garin saiwar yana kwantar da masu hauka mai tashin hankali yana kuma saukar da hawan jini. A wannan shekarar ce kuma Salimuzzaman Siddiqui da abokin aikinsa Rafat Siddiqui, a Kwalejin Tibbia ta Delhi, suka tatso wasu sinadarai daga saiwar, suka raɗa wa ɗaya suna ajmalin don girmama Hakim Ajmal Khan, jagoran likitancin Unani wanda Musulmin Indiya suka gada daga Girkawa ta hannun Larabawa da Farisawa.

Duniya ba ta waiwayi wannan aiki ba sai a 1949, lokacin da Rustom Jal Vakil, likitan zuciya a Bombay, ya buga sakamakon jinyar masu hawan jini 50 da saiwar a wata mujallar likitocin zuciya ta Ingila. Shekara uku bayan haka, a 1952, masu bincike uku na kamfanin CIBA a birnin Basel na Siwizalan, Müller da Schlittler da Bein, suka ware sinadarin da ke ɗauke da mafi yawan ƙarfin saiwar suka kira shi rizafin, aka fara sayar da shi da sunan Serpasil. A 1954 Nathan Kline ya gwada shi a kan ɗaruruwan majiyyata a asibitin Rockland na jihar New York, ya ba da rahoton cewa ɗakunan da aka saba da ihu da faɗa sun yi sanyi, kuma a 1957 shi da Vakil suna cikin waɗanda aka bai wa lambar yabo ta Lasker. Na ɗan lokaci, saiwar da ake sayarwa a kasuwar ƙauye ta zama ɗaya daga cikin magungunan hauka biyu da duniya take ji da su, ɗayan kuwa shi ne Largactil da aka fara gwadawa a Faris a 1952. Nijeriya ma tana da hannu a labarin, domin masu maganin gargajiya na ƙasar Yarabawa sun daɗe suna kwantar da mahaukata da saiwar 'yar'uwar wannan itaciya, Rauvolfia vomitoria, wadda suke kira asofeyeje, kamar yadda Raymond Prince, likitan da ya yi aiki a asibitin Aro na Abeokuta, ya rubuta a 1960.

Abin da ya fitar da rizafin daga asibitocin ƙwaƙwalwa shi ne ainihin abin da ya ba shi ƙarfi. Ƙwayoyin jijiya suna isar da saƙo ga juna ta hanyar wasu sinadarai irin su dofamin da serotonin da noradirenalin, waɗanda suke tarawa a cikin 'yan ƙananan jakunkuna kafin su sake su, shi kuwa rizafin hana cika jakunkunan yake yi har rumbun ya ƙare. Wannan yana kwantar da mai zumuɗi, amma yana zuwa da toshewar hanci, da raguwar bugun zuciya, da jiri idan an miƙe tsaye, da ƙaruwar ruwan ciki mai tayar da gyambo, da sanƙarewar gaɓoɓi da karkarwa irin ta cutar Parkinson, kuma an danganta shi da jefa wasu cikin damuwa mai tsanani, ko da yake masu bincike na baya-bayan nan suna ganin an zuzuta wannan. Ga mai baifola, wanda damuwa take jiran sa a ɗaya gefen kuma haɗarin kashe kai ya fi yawa a can, ko zargin ma ya isa a yi taka-tsantsan. Saiwar da ake dakawa a gida tana ɗauke da duk waɗannan illoli, tare da ƙarin matsalar cewa yawan sinadarin yana bambanta daga wannan saiwa zuwa waccan, don haka mai ba da ita bai san iyakar abin da ya bayar ba.

Idan aka koma ga sauran tsirran, hujjar da ake da ita ba ta taka kara ta karya ba. Wani sashen binciken Ayurveda da ke cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa a Bengaluru ya gwada wani haɗi mai suna brahmyadiyoga, wanda ya ƙunshi brahmi da vaca da jatamansi da ita kanta sarpagandha, yana kwatanta shi da Largactil, amma a kan masu sikizofireniya aka yi gwajin. Da ƙungiyar Cochrane, wadda aikinta shi ne tace binciken likitanci, ta duba fannin a 2007, gwaji uku kacal ta samu masu mutum 250 gaba ɗaya, dukansu na gajeren lokaci, ta kuma ce mai yiwuwa akwai amfani amma ba a tabbatar ba. Maniya kuwa tana da wata ɗabi'a da take sa shaidar baki ta zama mai yaudara, domin tana lafawa da kanta bayan 'yan watanni ko an yi magani ko ba a yi ba, saboda haka duk maganin da aka bayar a ƙarshen zangon shi zai kwashi yabo, ko man shanu ne ko rubutu ko allura. Gwajin gaskiya shi ne ko magani yana hana ta dawowa a cikin shekaru, kuma wannan shi ne abin da litiyam ya nuna, gishirin da John Cade ya fara gwadawa a kan masu maniya goma a Ostareliya a 1949, kafin Mogens Schou da abokan aikinsa a Denmak su tabbatar da cewa yana rage dawowar ciwon. Babu wani haɗin Ayurveda da aka yi wa irin wannan doguwar jarrabawa ya haye.

Haɗa tsarin biyu ba tare da sanin likita ba yana da nasa haɗarin, kuma nan ne majiyyata da yawa suke faɗawa. Tazarar da ke tsakanin litiyam mai magani da litiyam mai guba ƙanƙanuwa ce, shi ya sa ake auna shi a jini lokaci zuwa lokaci, kuma duk abin da ya ƙarar da ruwan jiki, kamar aman da gudawar pancakarma, yana iya ɗaga shi ya taɓa ƙoda da ƙwaƙwalwa, dakatar da shi kwatsam kuma yana saurin dawo da ciwon. Akwai kuma reshen Ayurveda da ake kira rasa shastra, wanda da gangan yake sa tokar ƙarafa irin su zaiba da dalma da zinariya a cikin magani bisa imanin cewa ƙonawa da tacewa sun kashe gubarsu. Robert Saper da abokan aikinsa sun auna magungunan Ayurveda 70 da aka saya a shagunan yankin Boston a Amurka, suka buga a 2004 cewa 14 daga ciki suna ɗauke da dalma ko zaiba ko asenik, sannan a 2008 suka sami kusan wannan kaso, ɗaya cikin biyar, a magunguna 193 da aka saya ta intanet. Dalma da zaiba su kansu suna rikita hankali, wanda ke nufin gurɓataccen magani yana iya ƙara abin da aka saye shi don ya rage. Ashwagandha da ta cika shaguna a ƙasashe da dama an samu rahotannin ta taɓa hanta ta kuma ɗaga sinadarin maƙoshi, har Denmak ta hana sayar da ita a 2023, vaca kuwa Amurka ta haramta sa ta a abinci tun 1968 saboda wani sinadari da ya jawo daji a jikin dabbobin gwaji.

Duk wannan bai rage wa tsarin matsayi a ƙasarsa ba. Gwamnatin Indiya ta kafa ma'aikatar AYUSH a 2014 don kula da likitancin gargajiya, ɗalibai suna shekara biyar da rabi kafin su sami digirin Ayurveda, dokar 2017 ta amince da masu babban digiri a fannin cututtukan hankali na Ayurveda a matsayin ma'aikatan lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma a 2022 aka aza harsashin cibiyar Hukumar Lafiya ta Duniya ta maganin gargajiya a Jamnagar ta jihar Gujarat. A garin Kottakkal na Kerala akwai asibitin gwamnati na Ayurveda da ya keɓanta da masu taɓin hankali, kuma Murphy Halliburton, masanin halayyar al'umma ɗan Amurka da ya yi bincike a jihar, ya nuna a littafinsa na 2009 cewa majiyyata da dama suna fifita wannan jinya ne saboda ta fi daɗin sha'ani a jiki, ba ta da nauyi da kasalar da ƙwayoyin asibiti suke sa su. Wannan ƙorafi ne da ya kamata likitocin zamani su saurara, domin rashin jure illolin magani yana cikin manyan dalilan da suke sa masu baifola su daina sha. Tsayayyen lokacin barci da na abinci da rage hayaniya, waɗanda Ayurveda take dagewa a kansu, su ma abubuwa ne da likitocin ƙwaƙwalwa suke umurtar masu baifola da su, tunda rashin barci yana cikin abubuwan da suka fi saurin tayar da maniya.

Tsirran kansu kuma sun shiga wani hali. Tonon sarpagandha daga daji ya yi yawa bayan kasuwarta ta buɗe a shekarun 1950, har aka sanya ta a 1990 cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido a kan cinikin tsirrai da dabbobin da ke fuskantar ƙarewa, jatamansi ma ta bi ta a 1997. Ƙarancin yana buɗe ƙofar algus, ga kuma tsohuwar matsalar suna, domin abin da ake kira brahmi a kudancin Indiya, Bacopa monnieri, ba shi ne abin da masu sayarwa da yawa a arewacin ƙasar suke kira da wannan suna ba, wato Centella asiatica, kuma aƙalla tsirrai huɗu daban-daban ne ake sayarwa da sunan shankhapushpi, gwargwadon jihar da aka saya.